Gidan Hutu Ko Gidan Gizo-gizo? Abin Da Na Gano A Tsibirin Ilashe

Ina gaida na Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, da na Sabo a Ibadan, da na Shagamu, har zuwa na Fatakwal da Kalaba, da fatan kowa yana lafiya, ya kasuwa, ya kuma haƙuri da zaman baƙunta. Kwana biyu kun ji ni shiru. To lafiya lau, gida na zo, kuma yanzu haka daga unguwarmu Gwallaga a cikin garin Bauchi nake wannan rubutu, ina zaune a gindin wata tsamiya wadda ita ce ma sanadin rubutun.

Bari in fara da ba ku labarin yadda abin yake. Mahaifina ya fi shekara 30 yana sayar da albasa da busasshen barkono a kasuwar Mile 12. A can na yi rabin rayuwata, tun da na gama sakandare nake taya shi zama a rumfa. Kamar kowane ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko, burinsa ɗaya ne, wato ya tara abin da ya tara ya zo gida ya yi ginin da za a gani a ce wane ya dawo da arziki. Bana Allah Ya nufa kuɗin sun ɗan taru, sai ya ce in riga shi zuwa in tsaya a kan aikin. Shirin shi ne a rushe tsohon soron kakanmu, a sare tsamiyar da ke tsakar gida, a tayar da bene mai ɗaki 10 da falo 2. Birkila ya zo ya ja igiya ya auna, ya ce ai tsamiyar nan daidai tsakiyar babban falo ta faɗo, don haka ba makawa sai ta tafi.

Ni kuwa da na ji haka sai jikina ya yi sanyi. Na kira Baba a waya na ce, "Baba, don Allah a ɗan dakata da saran itacen nan, ina da magana." Ya ce, "Kai ɗan nan, aike na yi maka ko shawara na nema?" Na ce aike ne, amma a yi mini haƙuri a saurare ni. Abin da na faɗa masa shi nake so in faɗa muku, domin na san ba gidanmu kaɗai ke cikin wannan hali ba.

A bara wani abokina mai tsire ya samu aikin gashi a wani gidan shaƙatawa da ke Ilashe, ya ce in raka shi in taya shi yanka albasa da hura wuta. Ga wanda bai sani ba, Ilashe wani siririn yanki ne na yashi da itatuwan kwakwa a bayan Legas, ta gabansa Tekun Atlantika, ta bayansa kuma rafin da ya nufi Badagry. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa. Muka ɗora rago da gawayi da buhun albasa a ƙaramin jirgi mai inji, muka wuce ta gefen tashar jiragen ruwa ta Apapa inda manyan jirage ke tsaye kamar unguwanni, muka yi tafiyar sama da rabin sa'a. Ni ɗan Bauchi da ban saba da ruwan da ya wuce na madatsar Gubi ba, ban saki gefen jirgin nan ba har muka sauka.

A can masu kuɗin Legas ke gina gidajen hutu, su zo ranar Asabar ko Lahadi ko lokacin Kirsimeti su sha iska su koma. Gidan da muka yi aiki a ciki ƙato ne, bene hawa biyu, duk gilashi da siminti, an share itatuwan wurin tas an shimfiɗa intalok. Daga nesa abin sha'awa. Amma da na zagaya baya neman ruwa sai na ga ƙofar ƙarfe ta ci tsatsa har ta huje, bango ya tsage, rodi ya leƙo waje ya yi ja wur. Janareto kuwa tun da muka iso yake ruri har muka tafi, domin in an kashe shi minti 10 ba mai iya zama a cikin ɗakunan saboda zafi.

Can gefe, bayan 'yar tazara, akwai wani gida da sai da na kusa taka matakalarsa sannan na lura da shi. Ɗakuna 2 ne kacal da 'yar kicin da banɗaki, an yi shi da katako, an ɗaga shi a kan ginshiƙai kamar tsayin ƙugun mutum, rufinsa ya sauko ya rufe baranda mai faɗi, launinsa kuma ya saje da gindin kwakwa da yashin wurin. Ba a sare itace ko ɗaya ba, har akwai wata kwakwa da aka bar mata rami ta ratsa ta cikin dandamalin barandar. Maigadin gidan wani dattijo ne Bahaushe mutumin Damagaram, da ya ji ina Hausa sai ya kira ni ya ba ni ruwa. Na zauna a barandar nan, wallahi iskar da ta buge ni ko fanka ba ta ba da irinta.

Na ce, "Baba, mai gidan nan kuɗi ne ba shi da su ya yi ɗan wannan?" Dattijo ya yi dariya ya ce, "Yaro, mai wannan gida zai iya sayen wancan har da abin da ke ciki. Wayo ne ya fi su." Daga nan ya shiga yi mini bayani kamar malamin makaranta. Ya ce iskar teku gishiri take ɗauke da shi, duk ƙarfen da ta samu sai ta cinye, in ta shiga cikin siminti ta taɓa rodi sai rodin ya kumbura ya fasa bango. Ya ce an ɗaga gidan ne don in ruwa ya yi ambaliya ya wuce ta ƙasa, kuma iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi tana sanyaya daɓen. Ya nuna mini yadda kowace taga ke kallon wata tagar, iskar teku ta shigo ta nan ta fita ta can. Ya ce inuwar kwakwa ke tare rana, saiwoyinta kuma su riƙe yashi. Sannan ya ce kowane buhun siminti da kowane bulo da ka gani a tsibirin nan a jirgin ruwa aka kawo shi, don haka wanda ya yi babban gini ya biya kuɗin dako sau biyu, na ginawa da na gyara. Ƙarshen maganarsa ita ce ta zauna mini. Ya ce, "Gidan da za ka kwana 20 a cikinsa a shekara, me zai sa ka gina shi kamar fadar sarki? Sauran kwanakin ni da gizo-gizo ne a ciki."

Jama'a, tun daga ranar nake juya wannan magana. Mu ba mu da teku, ba mu da tsibiri, kuma in ka ce wa ɗan kasuwar Mile 12 yana da gidan hutu dariya zai yi maka. Amma mu tsaya mu yi lissafi tsakaninmu da Allah. Mahaifina yana zuwa Bauchi ƙaramar salla ya yi kamar kwana 10, babbar salla ya yi mako 2, sai kuma in an yi rasuwa ko ɗaurin aure ya zo ya kwana 2 ko 3. Duka-duka ba ya cika kwana 40 a shekara. Sauran kwana 320 da 'yan kai yana Legas a ɗaki ɗaya da falo na haya, da mu da iyayenmu mata. To gidan da za a gina a Gwallaga mene ne sunansa in ba gidan hutu ba? Bambancinmu da masu Ilashe kawai shi ne su sun san abin da suke ginawa, mu kuwa muna ce wa kanmu gidan zama ne.

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin garuruwanmu ya san irin gidajen da nake nufi. Dogon get a kulle, ciyawa ta fito ta cikin intalok, tagogi sun yi ƙura, silin ya zubo saboda yoyon da ba wanda ya gani balle ya toshe. In ka tambaya a ce maka na Alhaji wane ne, yana Legas, ko yana Onica, ko yana Abidjan. Kuɗin da ke kwance a cikin wannan bulo jarin mutum ne na shekara 20, da yana juyawa a kasuwa da ya haifi wani. Kuma kun san yadda kayan gini suka koma. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da yawa, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kunna janareto don a sanyaya ɗaki ya zama sai wane da wane. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki ya zama nauyi a kan mai shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk dabarun da dattijon nan ya lissafa mini a bakin teku, kakanninmu sun san irinsu a nan tudu, sai dai kowa da abokin faɗansa. Na bakin teku yana faɗa da gishiri da ambaliya. Mu namu zafin bazara ne na watan Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu da sanyinsa, da kuma hadarin damina da ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi. Soron kakanmu da ake son rushewa da tubali aka yi shi, kaurin bangonsa ya kusa kamu uku, rufinsa azara ce ta giginya wadda gara ba ta cika damu da ita ba, an shafe shi da makuba, ga indararo na zubar da ruwa nesa da bango. Da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar an buɗe randa, da dare a lokacin sanyi kuma ɗumi yake saki. Tagoginsa ƙanana ne, kuma ba wadda ke kallon gabas. Ba wanda ya je makarantar zanen gini a cikin waɗanda suka yi shi, amma sun san inda rana ke faɗuwa da inda hadari ke fitowa.

Wanda yake ganin ginin ƙasa aikin talauci ne, ya daure ya je Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa, nan kusa da mu, ya ga gidan Madaki wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Shi ne maginin da ya yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956 aka sa gidan nan cikin kayan tarihi na ƙasa, kuma har yau mutane na zuwa su ɗaga kai su kalli bakan gizon rufinsa. Ƙasa ce da azara, ba rodi ko ɗaya.

In kuma gidan hutu na sosai kuke son gani a ƙasar Bauchi, ga Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mun je da 'yan ajinmu lokacin muna sakandare, kuma abin da na riƙe game da sansanin Wikki shi ne ƙananan ɗakunan kwana da aka warwatsa a cikin itatuwa, wasunsu zagayayyu masu rufi mai tsini kamar ɗakunan ƙauye, birai da gadu na yawo a tsakaninsu. Maɓuɓɓugar Wikki kuwa, wadda ɗumin ruwanta ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina, rabin daɗinta inuwar manyan itatuwan da suka lulluɓe ta ne. A ce an sare su an kafa bene hawa 5 a bakin ruwan, wa zai ɗauko mota daga Jos ko Abuja ya zo? Mutum yana barin gari ne don ya ga abin da babu a gari. Haka mu ma, abin da ke dawo da mu Gwallaga da salla shi ne zaure da tabarma da inuwa da 'yan uwa. In tayil da gilashi ne, ai Legas ta fi mu.

To amma kada in yi wa Baba rashin adalci, domin shi ma yana da hujjojinsa, kuma ba na banza ba ne. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Hujjarsa ta farko mutunci. Ya ce, "Shekara 30 ana kirana aboki a garin mutane, ina kwana a ɗakin haya. In na dawo garinmu ma sai in shiga akurki?" Wannan magana ta taɓa ni, kuma na san ta taɓa duk wanda ya taɓa zaman Kurmi. Amsata ita ce mutuncin da bene ke jawowa na mako ɗaya ne, ranar da aka buɗe gida aka yi walima. Bayan nan abin da mutanen unguwa za su riƙa gani shi ne kulallen get. A Gwallaga ba a manta da kakanmu ba har yau, kuma ba don tsayin gininsa ba ne. Zaurensa ne ba a taɓa rufewa ba, almajiri da baƙo da mai neman sulhu duk nan suke sauka.

Hujja ta biyu yawan iyali. Mu 14 ne a wurin Baba, ban da jikoki, in an taru da salla ina za a sa mu? Wannan gaskiya ne. Sai dai gidan Bahaushe tun asali ba a gina shi rana ɗaya. Ana kewaye fili, a yi zaure, a yi ɗaki 2 ko 3, in yaro ya yi aure a ƙara masa nasa a gefe. Gida yana girma ne tare da masu shi. Taron salla kuwa na mako 2 ne, kuma ko yanzu samari a zaure muke kwana, yara a ɗakin kaka, da rana kowa na tsakar gida. Rumfa mai kyau da inuwa sun fi ɗaukar taro a kan falon da aka cika da kujeru.

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi. Ya ce ginin ƙasa da katako yana son mai kula, duk shekara sai an yi yaɓe kafin damina, wa zai tsaya yana yi alhali muna Legas? Nan kam dole na sunkuyar da kai, domin a Legas ɗin ma an ga misali. A unguwar Makoko, inda mutane ke zaune a gidajen katako a kan ruwa, wani mai zanen gini ɗan Najeriya, Kunle Adeyemi, ya yi wata makaranta mai hawa 3 da katako a kan gangunan roba sama da 200, tana shawagi a kan ruwa. An gama ta a 2013, duniya ta yi ta yabo. A watan Yunin 2016 aka yi ruwa mai ƙarfi ta rushe, Allah Ya taimaka ba kowa a ciki. Wato dacewa da wuri kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ƙarko da kulawa. Amma ku lura, wannan hujja ta fi cin babban gida. In kula da ɗaki 3 na da wuya daga nesa, ina ga ɗaki 10? Siminti ma yana tsagewa, kwano yana yoyo. Mu a Bauchi ba mu manta da guguwar watan Yunin 2018 ba, a cikin hidimar ƙaramar salla, wadda ta yaye rufin gidaje masu ɗimbin yawa a cikin gari har aka rasa rayuka. Dogon rufin nan mai tsini da ake yayi yanzu, wanda kwanonsa kaɗai ya isa a gina wani ɗakin, tarar iska yake yi.

Kuma ba cewa nake a koma jiya ba. Akwai masu haɗa tsohuwar dabara da sabuwa. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da aka ɗan gauraya da siminti, ya ɗaga rufin kwano sama da silin yadda iska za ta ratsa ta kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, ƙasar Hausa sosai, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Ba su rushe tsohon ba. In har za a yi haka a Dandaji, ban ga abin da zai hana a Gwallaga ba.

Akwai wani ɓangaren kuma da bai kamata in tsallake ba. In ana maganar gida ya saje da wurin da aka gina shi, mutane sukan tuna da itatuwa da yashi su manta da mutanen wurin. Tun kafin masu kuɗi su gano bakin tekun Legas akwai masunta da ke zaune a can. A 1990 aka rushe Maroko aka kori dubban ɗaruruwan mutane, yau wurin ya zama unguwar masu hali. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay, hukuma ta ce saboda masu fasa bututun mai ne, dubban mutane suka rasa matsuguni a rana ɗaya. Mu da muke zaman baƙunta mun san zafin a ce maka tashi. Don haka in mun dawo gida da kuɗi kada mu zama masu takura wa na ƙasa da mu. Benen da Baba ke so, tagoginsa na sama kai tsaye za su leƙa tsakar gidan maƙwabtanmu ta gabas da ta arewa, inda matan aure ke girki da wanki. Zai tare musu iska. In aka shafe filin duka da siminti, ruwan saman da ƙasa da tsamiya ke shanyewa zai kwarara lungu ya shiga gidan wanda ya fi mu gangare. Mu za mu kulle mu koma Legas, su za a bari da abin har shekara ta zagayo. Haƙƙin maƙwabci ba sai na tsaya ina tuna wa kowa girmansa ba.

Teku ma tana koya wa mai gini ladabi. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka zuba duwatsu suka yi katangu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas. Katangun suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, sai teku ta shiga cin Bar Beach shekara da shekaru har ruwa na hawa titi. Yanzu a wurin ne aka cike teku da yashi ana gina Eko Atlantic, da wata doguwar katangar duwatsu don kare shi. Abin da aka taɓa a wuri ɗaya sai da aka biya a wani wurin, bayan shekaru masu yawa. Fulotinmu mai ƙafa 50 da 100 bai kai wannan ba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga duk ɗan uwa da ke shirin aiko da kuɗin gini gida. Da farko ka zauna ka ƙirga kwanakin da kake yi a gida a shekara, da mutanen da za su zauna a ciki in ba ka nan, ka yi gini daidai su. Na biyu, kafin birkila ya ja igiya ka je filin da kanka da safe da kuma la'asar, ka ga inda rana ke bugawa da inda ruwa ke bi, ka bar itacen da ka tarar a sa ɗakuna su kewaye shi. Ɗaki ana gama shi a wata 2, tsamiya kuwa wanda ya dasa ba lalle ya ga girmanta ba. Na uku, taga ta kalli taga, rufi ya sauko ya yi wa bango inuwa, bangon yamma kada a cika masa gilashi, a kuma ɗaure rufin da kyau. Na huɗu, a bar tsakar gida da ƙasa ko yashi don ruwa ya samu wurin shiga. Na biyar, kada gida ya zauna ba kowa. Ka sa ɗan uwa ko malamin makaranta ko wani mai ƙaramin ƙarfi a ɗaki ɗaya, ya samu matsuguni kai kuma ka samu mai ganin yoyo tun yana ɗigo. Ragowar kuɗin ka mayar kasuwa, ko ka biya wa yara makaranta, ko ka haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gida unguwa ta sha.

Ga inda muka tsaya da Baba. Na samu wani yaro da ya karanta zanen gini a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Bauchi, ya zana mana ɗaki 4 da 'yar kicin da banɗaki 2 a jere ta kudu da yamma, da baranda mai kallon tsamiya, soron kaka kuma a gyara shi ya ci gaba da zama zaure. Na ɗauki hoton zanen na tura wa Baba. Kwana 3 bai ce komai ba. Da na gaya wa kakata abin da ake ciki, sai ta ce in kira mata shi. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ji ta ce, "Tsamiyar da na yi maka kunu da ita tun kana rarrafe? To ka bari in na mutu ka sare." Jiya ya kira ni ya ce kada a taɓa komai sai ya zo da salla ya gani da idonsa. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban ce na yi nasara ba, domin gidansa ne kuma guminsa ne, duk abin da ya yanke zan tsaya a kan aikin kamar yadda ya umarce ni. Na dai sallami mai gatari, na ba shi kuɗin mota.

Allah Ya ba mu sa'ar kasuwa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sa abin da muka tara ya amfane mu da na bayanmu. A gaida mutanen rumfa. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.

Bissalam, naku ɗan Gwallaga.